Iyakar girman dainoso masu cin ganye, da dalilin da ya sa babu dabbar tudu da ta sake kamo su

Wani malamin kimiyya a makarantar sakandare ya aiko da tambaya bayan ya kai ɗalibansa gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, inda suka ga ƙasusuwan dainoson da aka tono a jihar Agadas. Yana son sanin iyakar girman da masu cin ganye daga cikinsu suka kai, da yadda aka san nauyin dabbar da ba a sami komai nata ba sai ƙashi, sannan ko gaskiya ne abin da ya karanta cewa yawan iskar oksijin a wancan zamani ne ya sa suka yi irin wannan girma.

Malam, dainoson da tambayarka ta fi shafa su ne dangin da masana ke kira soropod, wato masu ƙaramin kai da dogon wuya da doguwar jela, waɗanda ke tafiya a kan ƙafafu huɗu miƙaƙƙu. Ɗaya daga cikin mafi cikar ƙasusuwansu da aka taɓa samu a duniya daga Nijar ya fito. Jobaria ke nan, wanda tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta tono a yankin Ingal a 1997, aka kuma sanar da sunansa a 1999. Ya rayu sama da shekaru miliyan 160 da suka wuce, tsawonsa ya kai kimanin mita 18, nauyinsa kuma kusan tan 20. Toron giwar Afirka, wanda shi ne mafi girman dabbar tudu a yau, yakan kai tan 6, don haka Jobaria ɗaya ya haura giwaye uku. Duk da haka a cikin danginsa matsakaici ne.

Ƙattin na ainihi a kudancin Ajantina aka fi samunsu, a yankin Patagoniya. A 1987 wani mai gonar kiwo kusa da garin Plaza Huincul ya ga wani ƙashi a ƙasa ya ɗauka kututturen itace ne da ya zama dutse, ashe ƙashin ƙwauri ne mai tsawon sama da mita ɗaya da rabi. A 1993 José Bonaparte da Rodolfo Coria suka raɗa wa dabbar suna Argentinosaurus. Mafi yawan ƙiyasin da ake yi mata a yau yana tsakanin mita 30 zuwa 35 a tsawo, da tan 65 zuwa 80 a nauyi. Idan kana son ɗalibanka su ji nauyin nan a jikinsu, ka tuna musu cewa tirelar siminti mai buhu 600 tan 30 take ɗauka, don haka dabba ɗaya ta fi lodin tirela biyu. Sai kuma Patagotitan, wanda aka tono ƙasusuwan aƙalla shida daga cikinsu a wuri guda a lardin Chubut, aka bayyana shi a 2017. Ƙashin cinyarsa kaɗai mita 2.38 ne, ya fi kowane dogon mutum. Kwafinsa da aka kafa a gidan tarihin halittu na birnin New York ya fi ƙarfin zauren da aka sa shi, har kansa ya leƙo ta ƙofa. A nahiyarmu, Paralititan da aka samu a dausayin Bahariya na Masar, aka sanar a 2001, yana da ƙashin dantse mai tsawon mita 1.69. A ruwa dai akwai wadda ta fi su duka nauyi, wato babbar dabbar teku mai shayarwa da ake kira shuɗin wel, wadda takan haura tan 150, amma ita ruwa ne ke ɗauke mata jikinta, ba ƙafa ba.

Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, kuma ya kamata ka san yadda ake fitar da su, domin a nan ne labarai suka fi yi wa mutane ƙari. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce a auna kewayen ƙashin cinya da na dantse a wurin da suka fi siranta, tunda waɗannan ƙasusuwa ne ke ɗauke da dabbar, kuma kaurinsu yana tafiya tare da nauyin da ke kansu. Nicolás Campione da David Evans sun auna haka a jikin nau'o'in dabbobi masu rai fiye da 200, suka fitar da ma'auni a 2012 wanda ake amfani da shi har yanzu. Amfaninsa shi ne ƙashi biyu sun isa. Illarsa kuwa ita ce kuskurensa yakan kai kashi 25 cikin ɗari sama ko ƙasa, kuma ana miƙa shi zuwa nauyin da ya ninka na giwa sau goma, inda babu wata dabba mai rai da za a gwada shi a kanta. Hanya ta biyu ita ce a haɗa ƙasusuwan a kwamfuta, a lulluɓe su da nama gwargwadon yadda yake a jikin tsuntsaye da kada da dabbobi masu shayarwa, a cire wuraren da iska ke cikawa, sannan a lissafa. Wannan tana buƙatar ƙasusuwa masu yawa, kuma sakamakonta ya dogara da yawan naman da mai binciken ya ɗora.

Sau da yawa hanyoyin biyu ba sa haɗuwa. Da aka bayyana Dreadnoughtus a 2014, wanda Kenneth Lacovara ya tono a kudancin Patagoniya, an ce nauyinsa tan 59 ne bisa kaurin ƙasusuwan ƙafa. Shekara ɗaya bayan haka Karl Bates da abokan aikinsa suka gina jikinsa a kwamfuta, suka ga babu yadda wannan nauyi zai shiga cikin wannan ƙira, suka ce tsakanin tan 22 ne da 38. Patagotitan ma an fara ba shi mita 37 da tan 69, daga baya wasu suka sauko da shi zuwa wajen mita 31 da tan 57. Mafi ban mamaki shi ne Giraffatitan, wanda Jamusawa suka tono a tudun Tendaguru na Tanzaniya tsakanin 1909 da 1913, yake tsaye a gidan tarihin Berlin da tsayin sama da mita 13. A 1962 an ba shi tan 78, a 1980 aka ba shi kusan tan 15, yau kuma ana sa shi tsakanin tan 23 da 40, alhali ƙasusuwan ba su canja ba. Akwai kuma wata gaɓar ƙashin baya da Edward Cope ya bayyana a 1878 daga jihar Colorado ta Amurka, wadda ta ɓace, babu abin da ya rage sai zane da awo. A 2006 Kenneth Carpenter ya ƙiyasta cewa mai ita ya kai mita 58. A 2018 shi da kansa ya sake duba zanen, ya ga ya fi kama da dangin Nigersaurus na Nijar, tsawon ya dawo wajen mita 30. Ra'ayina shi ne duk lokacin da ka ga labarin an gano dainoso mafi girma a duniya, abin da za ka fara nema shi ne ƙashi nawa aka samu. Argentinosaurus kansa 'yan gaɓoɓin baya ne da ƙugu da ƙashin ƙafa, sauran jikin an aro shi ne daga 'yan'uwansa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne nau'o'i da dama sun wuce tan 40, kaɗan kuma sun wuce 60.

Maganar oksijin kuwa ba ta da tushe mai ƙarfi, ko da yake na san inda ta samo asali. Akwai zamanin da oksijin ya haura kashi 30 cikin ɗari na iska, maimakon 21 na yau, kuma a lokacin an yi manyan ƙwari masu kama da mazari da faɗin fikafikansu ya kai santimita 70. Amma wannan kimanin shekaru miliyan 300 ne da suka wuce, dainoso kuwa sai wajen shekaru miliyan 230 suka bayyana. Ƙwari suna shaƙar iska ta ƙananan bututu a jikinsu, shi ya sa yawan oksijin ke taɓa girmansu kai tsaye, dabba mai huhu kuwa ba haka take ba. Soropod sun yi sama da shekaru miliyan 130 a duniya, a cikinsu iska ta sauya, zafi ya hau ya sauka, tsirrai sun canja, amma ƙatti ba su daina fitowa ba. Ƙungiyar masana da Martin Sander na Jami'ar Bonn ya jagoranta ta gwada girman soropod da waɗannan sauye-sauye, ba ta ga suna tafiya tare ba. Ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ma daidai yake da na yau. Don haka dalilin a jikin dabbar yake.

Tsofaffin masana sun ɗauka ƙafa ba za ta iya ɗaukar irin wannan nauyi ba, shi ya sa zanen da aka yi kafin shekarun 1970 ke nuna su a nutse cikin fadama, kai kaɗai a waje. Damuwarsu tana da dalili. Idan dabba ta ninka tsawonta sau biyu ba tare da ta sauya ƙira ba, nauyinta yana ninkuwa sau takwas, amma faɗin ƙashin da ke ɗauke da ita sau huɗu kawai yake ninkuwa. Sai dai a 1951 Kenneth Kermack ya nuna cewa dabbar da ƙirjinta ke mita da yawa ƙarƙashin ruwa ba za ta iya buɗe huhunta ta ja numfashi ba saboda dannewar ruwan. Sawayen da suka bari a laka, irin na kogin Paluxy a Texas, sun nuna suna tafiya a tudu, ƙafafu a ƙarƙashin jiki, kuma ba a ganin alamar jan jela a ƙasa. Ƙasusuwan ƙafarsu a miƙe suke, kusan a cike, ba su da babban ramin ɓargo, ƙasusuwan tafin ƙafar gaba kuma a tsaye suke a jere cikin rabin da'ira. Ƙira ce ta dabbar da ba ta gudu ba ta tsalle, tana tafiya a hankali.

To, yanzu ga inda nake ganin amsar take, kuma daga baki za a fara: soropod ba sa tauna. Wannan kamar ƙaramin abu ne, amma kusan komai a kansa ya rataya. Dubi giwa. Tana shafe kusan sa'o'i 16 a rana tana ci, tana cinye abin da ya kai kilo 150, kuma kowace loma sai ta niƙa ta da manyan turame. Yayin da dabba mai tauna ke ƙara girma, buƙatar abincinta tana gudu fiye da yadda faɗin haƙoranta ke ƙaruwa, har a kai inda sa'o'in yini ba za su ishe ta ta tauna abin da zai riƙe ta ba. Ban da haka, tauna tana buƙatar manyan haƙora da kakkauran muƙamuƙi da tsokoki, waɗannan kuma suna sa kai ya yi nauyi, kai mai nauyi kuwa ba ya zama a ƙarshen dogon wuya. Soropod sun tsallake wannan duka. Haƙoransu na tsinka ne kawai, wasu sirara, wasu masu ɗan faɗi, suna fizge ganye su haɗiye. Diplodocus na Amurka ya kai mita 25, amma ƙoƙon kansa bai fi santimita 60 ba.

Da kai ya yi sauƙi sai wuya ya sami damar miƙewa. Wuyan raƙumin dawa wajen mita 2 ne, da gaɓoɓi bakwai kamar na mutum, domin kusan duk masu shayarwa a bakwai suka tsaya. Soropod ba su da wannan ƙaidi. Jobaria yana da 12, wasu nau'o'in Mamenchisaurus na ƙasar Sin suna da 18 ko 19, kuma a 2023 an ƙiyasta wuyan ɗayansu ya kai mita 15. Amfanin irin wannan wuya shi ne dabbar tana tsaye wuri ɗaya tana kiwon fili mai faɗi, dama da hagu, sama da ƙasa, ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Ga mai tan 50 kowane taku tsada ne, motsa ƙaramin kai kuwa kusan kyauta ne. Iyakar tsayin da suke ɗaga wuyan har yanzu ana muhawara a kai. Roger Seymour yana ganin tura jini zuwa kan da ke mita takwas ko tara sama da zuciya zai cinye ƙarfin da ya fi ribar ganyen da za a samu a can, wasu kuma, irin su Michael Taylor da Mathew Wedel, suna nuna cewa kusan duk dabbobin tudu masu rai a ɗage suke riƙe wuyansu. Ni na fi karkata ga cewa nau'o'in sun bambanta, domin Giraffatitan mai dogayen ƙafafun gaba ba a yi shi don kiwon ƙasa ba.

Nigersaurus, wanda aka samu a Gadufawa cikin hamadar Tenere, ya cancanci a tsaya a kansa, domin babu soropod da ya fi shi nuna yadda bakin nan ke aiki. Bafaranshe Philippe Taquet ne ya fara tsintar ƙasusuwansa, Sereno ya raɗa masa suna a 1999. Ya rayu kimanin shekaru miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin ke cike da koguna. Bakinsa ya fi sauran kansa faɗi, haƙoran duka sun jeru a gaba a miƙe, layi ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma a bayan kowane haƙori akwai wasu har zuwa tara a jere cikin muƙamuƙi suna jiran nasu lokaci, jimilla fiye da 500. Michael D'Emic da abokansa sun ƙirga layukan girma na kullum da ke cikin haƙoran soropod, suka ƙiyasta cewa Nigersaurus yana sauya kowane haƙori cikin kwana 14, Diplodocus cikin 35, Camarasaurus cikin 62. Dabbar tana yankar tsirran ƙasa masu haɗe da yashi, haƙori ya cinye, wani ya maye gurbinsa. Ƙasusuwan kansa kuwa sirara ne har haske na ratsa wasu. Ka gwada wannan da giwa, wadda ke da jerin turame shida kacal a rayuwarta, idan na ƙarshe ya cinye yunwa ce ke kashe ta.

Abin da ba a tauna ba a ciki ake sarrafa shi. An daɗe ana cewa suna haɗiye duwatsu don niƙa abinci kamar yadda ƙundun kaza ke yi, amma da Oliver Wings da Sander suka gwada da jiminu a 2007 sun ga duwatsun da ake samu tare da ƙasusuwan soropod sun yi kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da girman jikin. Abin da ya fi dacewa da hujja shi ne babban ciki inda ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da ganye na tsawon kwanaki, kuma a nan girma kansa taimako ne, domin babban ciki yana riƙe abinci ya daɗe. A 2025 aka bayyana abin da ke cikin wani Diamantinasaurus da aka tono a Queensland ta Ostireliya: ganyen itatuwa da sassan tsirrai iri-iri, an tsinke su amma ba a niƙa ba. An kuma taɓa ɗauka tsirran wancan zamani ba su da amfani sosai, sai Jürgen Hummel ya jiƙa danginsu da suka rage a yau cikin ruwan tumbin tumaki a 2008, ya ga wasunsu suna ba da ƙarfi kusan daidai da ciyawa idan aka ba su lokaci.

Abu na biyu shi ne numfashi, kuma hujjarsa tana hannun duk wanda ya taɓa gyara kaza, tunda tsuntsaye zuriyar dainoso ne. Idan ka buɗe ƙirjin kaza za ka ga huhunta ƙarami ne, ja, a manne tsakanin haƙarƙari, sai an sa yatsa an ɓanɓaro shi. Ba ya kumbura ya saki kamar na akuya. Masu hura iskar su ne wasu jakunkuna masu siririyar fata da ke fashewa tun kafin a lura da su, kuma rassansu suna shiga har cikin ƙashi, shi ya sa idan ka karya ƙashin sama na fiffiken babbar kaza za ka tarar da rami maimakon ɓargo. Gaɓoɓin wuya da na bayan soropod cike suke da irin waɗannan ramuka da kofofi. Wedel ya auna su da na'urar hoton ciki, ya ga a mafi yawansu wajen kashi 60 cikin ɗari na gaɓar iska ce, a wani soropod mai suna Sauroposeidon ma wasu wuraren sun kusa kashi 90. Wannan ya rage nauyin wuya ƙwarai. Ya kuma warware wata matsala: dabbar da maƙogwaronta ya kai mita 10, idan da huhu irin namu take, iskar da ta fitar ba za ta gama fita daga bututun ba kafin ta sake jawo ta. A tsarin tsuntsaye jakunkunan suna ɗaukar iska mai yawa, tana kuma ratsa huhu ta hanya ɗaya, ko ana shaƙa ko ana fitarwa. Mai yiwuwa ne jakunkunan sun taimaka wajen fitar da zafi ma, wanda babbar matsala ce ga babban jiki. Awon da Robert Eagle ya yi a haƙoran manyan soropod a 2011 ya nuna zafin jikinsu tsakanin digiri 36 ne da 38, kusan namu.

Abu na uku, wanda mutane suka fi mantawa da shi, shi ne ƙwai. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa ɗaya, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. Yayin da mai shayarwa ke ƙara girma haihuwarta tana ƙara jinkiri, adadinta a ƙasa yana raguwa, kuma fari ɗaya mai tsanani ko annoba na iya shafe ta kafin ta farfaɗo. Christine Janis da Matthew Carrano ne suka jawo hankali ga wannan a 1992, suka ce dainoso sun kuɓuta daga tarkon saboda ƙwai suke yi. A 1997 Luis Chiappe da abokan aikinsa suka gano wurin da ake kira Auca Mahuevo a Patagoniya, fili mai ɗauke da dubban ƙwan soropod, sheƙa bayan sheƙa, kowace da ƙwai 15 zuwa 40, har da 'ya'yan da ba su ƙyanƙyashe ba da alamar fatarsu. Faɗin kowane ƙwai santimita 13 zuwa 15 ne, kusan na jimina. Ƙwai ba ya iya girma yadda aka ga dama, domin idan ya yi girma sai ɓawonsa ya yi kauri, idan ya yi kauri kuma iska ba za ta shiga ba. Saboda haka uwa mai tan 40 tana zuba ƙananan 'ya'ya masu yawa, mafi yawansu a cinye su, kaɗan su tsira, kuma ko bala'i ya kashe manya, 'yan da suka rage suna iya cika ƙasa cikin ɗan lokaci.

Daga wannan ƙaramin ƙwai zuwa tan 40 akwai tafiya mai nisa, kuma da sauri suke yin ta. Wani jaririn Rapetosaurus da aka samu a Madagaska, wanda Kristina Curry Rogers ta bayyana a 2016, ya ƙyanƙyashe da kilo 3.4, ya mutu bai kai wata uku ba, amma ya riga ya kai kilo 40, ƙasusuwansa kuma suna da ƙirar na manya, alamar cewa da ƙafarsa yake neman abincinsa. Idan aka yanka ƙashin soropod aka duba a madubin ƙara girma, ana ganin irin saƙar ƙashi mai yawan hanyoyin jini da ake gani a dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye masu saurin girma, ba irin ta kada ba. Ƙiyasi ya nuna suna kai cikakken girma cikin shekara 20 zuwa 40. Dabbar da ke girma a hankali kamar kunkuru za ta buƙaci fiye da ƙarni kafin ta kai wannan matsayi, kuma da wuya ta rayu har ta hayayyafa.

Duk waɗannan sun buɗe hanya ne, abin da ya tura su cikinta kuwa ribar girma ce. Manyan masu cin nama na zamanin, irin su Mapusaurus da ya zauna tare da Argentinosaurus, ba su kai tan 10 ba, don haka soropod da ya wuce wani mataki ya fi ƙarfin mafarauci. Babban jiki yana jure yunwar rani, yana kuma cin nisa da ƙaramin ƙarfi a kan kowane kilo. Kakanninsu na farko, irin su Eoraptor na Ajantina, tsawonsu ya ɗan haura mita ɗaya ne, nauyinsu bai fi kilo 10 ba, a kan ƙafa biyu suke tafiya. Shekaru miliyan 30 bayan haka Ledumahadi na Afirka ta Kudu ya kai tan 12. D'Emic ya tattara awon nau'o'i kusan 200 a 2023, ya ga rassan soropod dabam-dabam sun haura nauyin mafi girman mai shayarwa na tudu aƙalla sau 36, kowane reshe da kansa, a nahiyoyi da zamunna mabambanta. Abin da ya maimaitu haka ba sa'ar wani yanayi ba ce.

Kada ɗalibanka su ɗauka kowane soropod ƙato ne. Nigersaurus mita 9 ne, nauyinsa bai wuce na giwa ba. Europasaurus na arewacin Jamus mita 6 ne da kimanin kilo 800, kuma yankan ƙashinsa ya tabbatar da cewa balagagge ne, ba yaro ba. A tsibiri ya rayu, inda abinci ke da iyaka, kamar Magyarosaurus na Romaniya. Girman yana bin faɗin ƙasa da yawan abinci, ya hau inda akwai dama, ya sauka inda babu.

Gwaji mafi kyau ga duk wannan bayani shi ne sauran dainoso masu cin ganye waɗanda ba soropod ba, wato dangin Ouranosaurus na Gadufawa, wanda Taquet ya bayyana a 1976, da dangin Triceratops mai ƙaho uku. Waɗannan iska ɗaya suka shaƙa da soropod, ƙasa ɗaya suka taka, su ma ƙwai suke yi, kuma suna girma da sauri. Da oksijin ko yanayi ne dalili, da su ma sun kai tan 60. Amma su masu tauna ne, da ɗaruruwan haƙora a cushe cikin manyan muƙamuƙai, kawunansu manya, wuyansu gajere, kuma ba a ga ramukan iska a ƙasusuwansu ba. Ouranosaurus mita 7 zuwa 8 ne. Triceratops bai wuce tan 10 ba. Mafi girmansu duka, Shantungosaurus na lardin Shandong a Sin, ya kai wajen mita 15 da tan 16. Bayan dainoso sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, masu shayarwa suka gaji ƙasa, su ma masu tauna ne marasa jakunkunan iska, ga kuma jinkirin haihuwa. Daga cikin mafi girman da suka fitar a tudu akwai Paraceratherium, wani dangin karkanda marar ƙaho da ya rayu a Asiya kimanin shekaru miliyan 30 da suka wuce, kuma ƙiyasin nauyinsa tsakanin tan 15 ne da 20, kusan daidai inda Shantungosaurus ya tsaya.